Ina Aka Kai Kogi Da Daji A Labaranmu?

 

Akwai wata 'yar jarrabawa da kowa zai iya yi wa littafin da yake karantawa, ko wanda yake kan rubutawa. A ɗauki labarin da aka ce a Kaduna ya faru, a goge sunan Kaduna duk inda ya fito, a sa Kano ko Abuja ko Dubai a madadinsa, sannan a sake karantawa. In babu abin da ya gurgunce, in taurarin sun ci gaba da harkarsu kamar ba a taɓa komai ba, to gaskiyar magana labarin nan bai faru a ko'ina ba. A falo ya faru, tsakanin kujera da labule da wayar hannu. Da yawa daga cikin littattafan da ake sakewa shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad haka suke. An san kalar motar Alhaji, an san sunan turaren Hajiya da kuɗin leshinta, amma sai a ci shafi ɗari uku ba a san ko damina ake ciki ko rani ba. Ruwan sama ba ya sauka sai ranar da ake son jaruma ta jiƙe, jarumi ya tsaya ya rage mata hanya.

Ra'ayinmu a wannan mako shi ne, wannan giɓi ne babba, ya wuce a kira shi ƙarancin ado. Mutanen da muke rubutu dominsu, ƙasa da ruwa da daji ne ke juya rayuwarsu. Su ke yanke farashin kwanon masara, su ke tayar da ƙauye guda ya dawo gari, su ke sa a ɗaga biki ko a fasa shi ɗungurungum. Adabin da bai ga wannan ba ya bar rabin labarin mutanensa a ƙasa.

Mene ne tarken muhalli?

Masana adabi suna da wata hanyar nazari da za mu iya kira tarken muhalli. Ma'anarta a karanta littafi ko a kalli fim ana tambaya: ina ƙasa, ina ruwa, ina itatuwa da dabbobi a cikin wannan aiki, kuma wane matsayi aka ba su? A Amurka ta fara ƙarfi. Littafin Rachel Carson mai suna Silent Spring, na 1962, wanda ya tona illar magungunan feshi ga tsuntsaye da ruwa, ya farkar da jama'a da dama. A 1978 William Rueckert ya raɗa wa hanyar suna, a 1992 masu wannan nazari suka kafa ƙungiyarsu, a 1996 kuma Cheryll Glotfelty da Harold Fromm suka fitar da kundin maƙalun da ya zama madogara ga ɗalibai. Ma'aunin da ya fi mana amfani shi ne wanda Lawrence Buell ya kawo a 1995. A wurinsa, aikin da ya damu da muhalli shi ne wanda ƙasa da yanayi ke da hannu a abin da ke faruwa, har mai karatu ya gane tarihin mutane a ɗaure yake da tarihin ƙasar da suke takawa.

Za a ce, to ga shi nan, wani ra'in Turawa ne aka kwaso za a jibga wa adabin Hausa. Amsarmu ita ce sunan ne kawai baƙo. Labarin asalin Hausa Bakwai da ake koya wa yara tun firamare, labarin ruwa ne. Rijiyar Kusugu a Daura, maciji ya hana ɗiba sai ranar Juma'a, kuma baƙon da ya buɗe wa mutane hanyar ruwa shi ya auri sarauniya. Duk wanda ya taɓa bin layin burtsatse da jarka a hannu ya san abin da wannan labari ke faɗa game da mulki. A Kano, kasuwar Kurmi da aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ta gaji sunanta daga kurmin Jakara, wata duhuwar itatuwa da ruwa da mutanen da suke girmamawa. Yau Jakara kwata ce mai ɗauke da dattin birni. Tafiyar wannan ruwa daga abin girmamawa zuwa magudanar shara, ai littafi guda ce.

Mu duba littattafan da gasar Zariya ta 1933 ta haifar. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, neman ruwan magani ne ya fitar da Alhaji Imam daga Kwantagora ya zaga duniya. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, guguwar rairayi ce ta binne ayari a Sahara ta sauya wa Umar hanyar rayuwa. A Jiki Magayi daji ne wurin da Abubakar ya shiga neman makamin ramuwa, ya fito wani mutum daban. Na'ibi Sulaimanu Wali ya yi wa damina waƙa sukutum. Su kuwa talakawa, suna suka riƙa raɗa wa yunwa kamar yadda ake raɗa wa ɗa: Kakalaba ta 1914, 'Yar Buhu ta 1927, 'Yar Gusau ta 1942, kuma da su tsofaffi ke ƙirga shekarun haihuwa. Mutanen da suka yi wannan ba su jira wani ya zo daga Amurka ya koya musu cewa ƙasa tana cikin labari ba.

Garin da sunayensa ke magana

Mu da ke zaune a Doka, darasin a ƙofar gida yake. Sunan garin kansa, kamar yadda aka fi faɗa, daga kadannin kogin aka samo shi. Sai a bi unguwanni: Unguwar Rimi, Kurmin Mashi, Rafin Guza, Kawo. Kawo sunan itace ne mai katako mai ƙarfi. Ita ma kalmar doka, ban da dokar hukuma da kitson mata, sunan itace ce, wanda ya cika dazuzzukan da ke kewaye da Kaduna da Zariya, har masana tsirrai suka ɗauki sunan na Hausa suka sa a cikin sunansa na kimiyya. To a cikinmu mutum nawa ne za a kai gaban itacen doka ya gane shi? Ina kurmin Kurmin Mashi? Yaushe rabon da a ga guza a Rafin Guza? Yaran garin da suka taɓa ganin kada, yawancinsu a killace suka gan shi a lambun Gamji. Kullum muna faɗa wa mai Keke Napep waɗannan sunaye, su kuma suna ba mu labarin abin da aka share kafin a gina mana gidaje.

Shi kuwa kogin, daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya yi tafiyar kusan kilomita 550 kafin ya faɗa kogin Neja. A kansa aka gina madatsar Shiroro da ta Zungeru, wato akwai rabonsa a wutar da muke cajin wayoyin da muke rubutu da su. Ruwansa da layin dogo na cikin dalilan da suka sa Turawan mulkin mallaka suka ɗauko hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan a 1917, suka tarar da Gwarawa suna noma a ƙasarsu. A 1957 aka buɗe masaƙar farko a Kakuri, wasu suka biyo baya, dubban magidanta suka samu abin yi, kogin kuma ya riƙa karɓar ruwan rini ta magudanai. A 1980 aka buɗe matatar mai, kuma mutanen ƙauyukan da ke kewaye da ita, irin su Rido, sun daɗe suna kokawa kan ruwansu da gonakinsu. Yawancin masaƙun sun mutu, kogin yana nan. Bayan rikicin shekarar 2000 kuma sai ya zama tamkar shinge, mutane suka riƙa sayar da gidaje suna tsallakewa, kowa na neman inda nasa suka fi yawa. Mutumin da aka haifa a wancan hayi, yau sai ya duba agogo kafin ya haye gada ya gaida abokin da suka taso tare. Wane marubuci ne zai ce ya rasa abin rubutawa a bakin wannan kogi?

Sai ambaliya. A Agustan 2003 kogin ya tumbatsa ya raba dubban mutane da gidajensu. Ya sake a 2012, ya sake a 2015, kuma mutanen Kigo Road da Kabala da Rafin Guza da gangaren Unguwar Rimi ba sa bukatar a tuna musu, duk marka da ido ɗaya suke barci. A labaran rediyo abin yakan tsaya a adadin gidaje da buhunan shinkafar tallafi. Marubuci kuwa daga nan aikinsa ke farawa, don ruwa ba ya tsami banza. Akwai dillalin da ya yanka fadama ya sayar da rani, ya san sarai inda ruwa ke kwana da damina. Akwai malamin makarantar da ya zuba kuɗin sallamarsa na shekara talatin da biyar a wannan fili, don shi kaɗai ƙarfinsa ya kai. Akwai jami'in da ya sa hannu a takarda. Akwai masu haƙar yashi da ke cin gaɓar kogi don su ci abinci, da mu da ke jefa ledar ruwa a kwata har ta toshe. Kowannensu yana da hujjarsa, kuma babu wanda ya tashi da niyyar ya ga gidan wani ya rushe. Irin wannan sarƙaƙiya ita ake nema a labari, ba sai an ƙirƙiro muguwar kishiya mai bin bokaye ba.

Yadda daji ya sauya ma'ana

A tatsuniya, daji gari ne mai sarki da fadawa: zaki manyan dawa, dila malamin daji, kura mai kwaɗayi, Gizo mai wayo. A rayuwar kakanninmu kuma kantin magani ne, kasuwa ce, makiyaya ce. Daga nan ake samo kaɗe da ɗorawa da zuma da saiwar da ake jiƙa wa mai jego. Yau in aka ce an shiga da mutum daji, kowa ya san maganar kuɗin fansa ake yi. A ranar 11 ga Maris, 2021 aka kwashe ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji ta Afaka, nan bayan Mando, yaran da suka zo koyon yadda ake kula da daji. A ranar 28 ga Maris, 2022 aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna. Dajin Kamuku na Birnin Gwari, wanda aka keɓe don namun daji, yanzu da wani abin daban aka san shi. A cikin shekaru kaɗan kalma guda ta juya daga arziki zuwa fargaba, kuma lura da irin wannan juyi aikin masu sana'ar kalma ne.

Labarin da ya fara daga ranar da aka ja kunamar bindiga, daga tsakiya ya fara. A bayansa akwai dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 da ba a cika aiwatar da ita ba. Akwai burtali da mashaya da gonaki suka cinye yayin da jama'a ke ƙaruwa. Akwai farin 1972 zuwa 1974 da na 1984 da suka halaka dabbobi suka tura makiyaya kudu. Akwai satar shanu da aka yi wa riƙon sakainar kashi, da shari'ar da mai kuɗi ke ci, da zinare, da makaman da suka yi arha. A nan kuma sai mun yi hattara. Fari ba ya ɗaukar bindiga, mutum ne ke ɗauka. Dubban manoma da makiyaya sun sha irin wannan wahala ba su taɓa ran kowa ba. Marubucin da ya ɗora wa sauyin yanayi komai ya wanke mai laifi, ya kuma wanke wanda aka ba amanar tsaro. Abin da ake so shi ne a nuna yadda ƙasa ta matse, sannan a nuna abin da kowane mutum ya zaɓa ya yi a cikin matsin.

Haka maganar gawayi. Motocin da ke shigowa gari shaƙe da buhuna, kowane buhu itace ne da ya tsaya shekaru. Madobiya kuma an yi ta sare ta ana lodawa zuwa ƙasar Sin, har sai da aka dakatar da cinikinta daga Najeriya a 2018. Amma matar da ta ajiye tukunyar gas ta koma murhun gawayi saboda kuɗin gas ya fi ƙarfin albashin mijinta, ita ba maƙiyar daji ba ce. In za a rubuta labarin itacen, a rubuta da nata.

Wa zai ba da labarinmu?

'Yan'uwanmu na yankin Neja Delta sun nuna abin da alƙalami zai iya. Duniya ta san malalar mai a ƙasar Ogoni saboda Ken Saro-Wiwa, wanda aka rataye a ranar 10 ga Nuwamba, 1995. Tanure Ojaide ya yi ta waƙe a kan koguna da suka mutu, Kaine Agary ta fitar da Yellow-Yellow a 2006, har ɗan Arewa Helon Habila na jihar Gombe ya rubuta Oil on Water a 2010. Yau ɗalibin adabi a Ingila ko Indiya in aka ce muhalli a Najeriya, Delta yake tunawa. Mu kuwa ana tuna mu da kalma ɗaya ko biyu a kanun labarai, ba fuska, ba dalili. Akwai waɗanda suka yi ƙoƙari da Turanci. Cyprian Ekwensi ya bi makiyaya a Burning Grass tun 1962, Aliyu Kamal na Kano kuma ya rubuta Fire in My Backyard kan sare itatuwa da gurgusowar hamada, ya ci kyautar ƙungiyar marubuta ta ƙasa ta rubutun muhalli. Sai dai mai saran icen da mai sayensa da Hausa suke magana.

Rob Nixon, a littafinsa na 2011, ya yi maganar wani irin ta'adi mai tafiyar hawainiya, wanda ba ya ƙara kamar bam, shi ya sa kyamarar 'yan jarida ba ta damu da shi ba. Tafkin Chadi da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya tsuke zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma a shekarun 1980, ba a rana ɗaya ya yi ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma. Iyaye ne ke kawo duwatsun zinare gida ana dakawa ana niƙawa a tsakar gida, ƙura na sauka inda jarirai ke rarrafe. Ku yi tunanin uban da ya samu kuɗin da bai taɓa riƙewa ba, ya yi wa gidansa rufin kwano, sannan ya gane abin da ya kawo arzikin shi ke ɗauke masa 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya. Rahotannin da duniya ta karanta a kan wannan da Turanci aka rubuta su. Kowannenmu ya ƙirga littattafan Hausa nawa ya karanta a kai. Irin wannan ta'adi labari mai tsawo ne kaɗai ke iya riƙe shi, don shi ke da haƙurin bin iyali guda na shekara ashirin.

Ɓangaren fim

Tun daga Turmin Danya na 1990, finafinan Hausa sun yi amfani da waje sosai, amma galibi a wurin waƙa: lambu mai furanni, bakin dam, kan dutse, ciyawa kore shar, salon da aka aro daga finafinan Indiya. Da zarar waƙa ta ƙare sai a koma falo. Ƙauye kuma ko dai wurin barkwanci ne a finafinan camama, ko fadar sarki a finafinan tarihi. Mai tarken muhalli zai tambaya, me ya sa korayen wurare suka zama na masoya kawai, ba na masu aiki a cikinsu ba? Wa ke ba wa lambun nan ruwa, kuma daga ina?

Ba wai ba a taɓa yin wani abu daban ba. Ƙasarmu Ce na Sadiq Ɓalewa, na 1991, labarin ƙauye ne da wani attajiri ke son mallakar ƙasarsa saboda duwatsu masu daraja da ke ƙarƙashinta. A kalle shi yau a tuna Zamfara da Birnin Gwari, sai a ga kamar jiya aka yi shi. A Nijar, Sani Magori ya yi fim a 2008 kan manoman albasa na Galmi, inda ranar bikin wata yarinya ta dogara da yadda albasar mahaifinta za ta yi kasuwa. Amina Weira ta koma Arlit a 2016 ta ɗauki garin da ƙurar yuraniyom ke bi da iska, tare da mahaifinta wanda ya yi aiki a mahaƙar. A Timbuktu na Abderrahmane Sissako, na 2014, saniya ce ta faɗa komar masunci a bakin kogi, daga nan rai ya salwanta, iyali ya tarwatse. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya tsayar da jarumi ya yi lacca.

Akwai kuma wata fa'ida da fim ke da ita ko da masu shi ba su nufa ba. Kyamara tana ɗaukar abin da ke bayan jarumi. Duk mai tsohon kaset na shekarun 1990 ya sake kallo, ya bar fuskokin ya dubi bayansu. Zai ga itatuwan da aka sare, da filayen da suka zama shaguna, da kududdufan da aka cike aka yi gini. Ga mai neman abin nazari a jami'a ko kwaleji, ga shi nan a ajiye.

Amma ai soyayya masu karatu ke so

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma gaskiya ce. Mai sayen littafi da kuɗin datarsa ba darasin kimiyya ya zo nema ba. Mu ma ba mu ce a bar soyayya ba, In Da So Da Ƙauna bai yi suna a banza ba. Cewa muke a sauke soyayyar a ƙasa. Saurayi mai lambu a bakin kogi wanda ruwa ya shanye tumatirinsa saura wata biyu a kai lefe. Budurwar da iyayenta suka gudo daga ƙauye suka raɓe a kangon wani a Rigasa, tana ɓoye wa saurayinta inda take kwana. Amaryar da aka kai gidan haya mai araha, ba wanda ya gaya mata dalilin arahar sai daren da ruwa ya kai ƙafar gado. Duk waɗannan labaran soyayya ne, kuma za su fi kama zuciya, don mai karatu ya san wani da abin ya faru da shi.

Abin gudu shi ne wa'azi. Mun sha ganin wasan kwaikwayon da aka ɗauki nauyinsa, inda wani mai farar riga zai miƙe a gaban mai unguwa ya karanto illolin sare itatuwa, kowa ya gyaɗa kai, a tafa. Wannan sanarwa ce aka sa mata riga. Mai karatu yana jin ƙanshin lacca daga nesa, kuma da ya ji zai rufe. Haka nan ba dole kowane labari ya ƙare da kuka ba. A yankin Maraɗi, tun daga shekarun 1980, manoma suka koma barin tohon kututture a gona suna gyara shi maimakon ƙone shi, abin da suke kira sassabin zamani. An ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Babban abin da ya taimaka shi ne manomi ya samu tabbacin itacen gonarsa nasa ne, ma'aikacin gandun daji ba zai ci shi tara in ya sassabe reshe ba. Ga rikici, ga jarumi, ga nasara, kuma da Hausa aka yi abin.

Kalmomin da ke zubewa

Kayan aikin marubuci kalma ce, kuma in abu ya ɓace sunansa na bin bayansa. Hausa ta raba shekara dalla-dalla: bazara, damina, marka, agajeri, kaka, hunturu, rani, kowanne da iskarsa da cutarsa da abincinsa. Ta raba ƙasa: jigawa, fadama, fako, laka. Manomi ya san in shamuwa ta iso ruwa ya kusa. Ya san gawo yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, shi ya sa ake barinsa a tsakiyar gona, gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa. Amma a littafi sai ka ga an rubuta wata bishiya, wani tsuntsu, wani daji. Marke ne ko kirya? Kurciya ce ko hasbiya? Mai karatu yana gane wanda ya sani daga wanda ke lalube. Ungulu da karin maganarmu ke cike da ita, wadda da ba a rasa ta a kowace mahauta, tun 2015 aka sa irin tamu ta cikin gari a jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Nan gaba kaɗan sai an yi wa yaro bayanin ungulu kafin ya gane abin da ake nufi da ta koma gidanta na tsamiya.

Maganin wannan ba ya cikin Google. Yana wurin mai sayar da ice a bakin layi, wanda zai gaya maka wane ice ne ke hayaƙi, wanne ke riƙe wuta. Yana wurin 'yar mai ganye a kasuwa, da masunci, da mai kwale-kwalen fito, da Bafulatanar da ke kawo nono, da kakarmu da ke zaune a ɗaki ba mai tambayarta komai. A je da ladabi da littafin rubutu. Awa ɗaya a wurinsu ta fi mako guda ana kwaikwayon littafin wani. Mai son tarihin garin kuma Gidan Arewa na nan, ba nisa.

In kuma littafin ɗan'uwa aka ba mu mu duba, bayan mun gama da jigo da salo da zubi, mu ƙara tambayoyi uku. A wane lokaci na shekara labarin nan ke faruwa, kuma ta yaya muka sani? Daga ina ruwan da taurarin ke sha da abincin da suke ci ke fitowa? In aka ɗauke labarin aka kai wani gari, me zai karye? Wanda ya amsa waɗannan ya fara tarken muhalli, ko bai taɓa jin sunan Buell ba.

Aikin wannan mako ga mai sha'awa: shafi ɗaya kacal. Mutum biyu, wuri ɗaya da kuka sani da ƙafarku, ko bakin kogi, ko gindin wata itaciya a unguwarku, ko kwatar da ke bayan gidanku. Wurin ya zama shi ne sanadin abin da ya shiga tsakaninsu. Sharaɗi ɗaya ne, kada kalmar muhalli ko sauyin yanayi ta fito ko sau ɗaya. 'Yan'uwanmu na Sakkwato da Katsina da Damagaram, ku kawo mana rairayinku da rijiyoyinku, mu nan za mu kawo kogi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Allah Ya ƙara wa alƙalumanmu albarka, Ya ba mu damina mai amfani, Ya kare mu daga sharrin ruwa da na daji. Sai mun ji daga gare ku.